Na cika wa kamiyona kaya, Inna ta sauke

Jiya ina liƙa tayar ƙarshe da ƙaro, sai Inna, mahaifiyata, ta tsaya bisa kaina.

Sati ukku nike haɗa ɗan kamiyon nan, motar kaya ta wasa, da kwalin sukari. Irin wanda ke kawo jar dawa ne lokacin fari, zamanin mulkin soja, ina ɗan lekwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Ban manta komi ba, har sojan da ke zaune bisa kaya. Buhunan takarda arba'in na naɗe na jera.

Na ce, "Inna, kin gane shi?"

Ta duƙa ta duba. "Na gane shi ƙwarai. Amma ka yi kuskure."

"Ni? A ina?"

"Kai a Tasawa kake ganinshi cike. Mu can Kanan-Bakashe ba haka yake iso mana ba."

Ta riƙa cire buhunan ɗai-ɗai, har saura bakwai. Ta ɗauki guda ta riƙe a tafin hannu.

"Wannan, mu gida tara muka raba shi."

Hakanan zan bar kamiyon, ba ni maida ko buhu guda. Ku a garinku, da buhu nawa yake isa?