Bargon Inna a Kan Bincikena

Shekarun baya, ina gab da kammala digirina na uku a kimiyyar fiziks, na tattara na dawo gida Damagaram. Aikin da ya rage ba ya bukatar komai sai kwamfuta da natsuwa, ni kuwa da wayona sai na ga a gidanmu zan samu natsuwar.

Bincikena a kan ilektron ne, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki. Akan tsare su cikin wani siririn shimfiɗi na sinadarin da ake ƙera cikin waya da shi, a haska musu haske. In hasken kaɗan ne suna da ladabi: ka ninka shi, su ninka motsinsu. In ya yi tsanani sai su daina bin wannan ƙa'ida. Aikina shi ne in lissafa yadda suke bijirewa. Malamina ya ce in sakamako bai iso shi kafin ƙarshen bazara ba, sai wata shekara zan kare aikin.

Kullum bayan asuba nake kunna lissafin a falon mahaifiyata, don nan ne kaɗai batirin sola yake. Kwamfutar na ƙara ƙarfin hasken mataki-mataki, tana bukatar yini guda. Da azahar in tafi lise, makarantar sakandaren da nake ɗan koyarwa. Na kafa doka a gidan: kada wanda ya taɓa ta.

Ranar farko na dawo na tarar ta sandare. Washegari haka. Kwana tara a jere, kuma kullum kusan a mataki ɗaya take tsayawa. Na bi lissafin layi-layi har idanuna suka yi ja, ban ga kuskure ba. Na zagi kwamfutar, na zagi wanda ya sayar min da ita. Daga nan sai girman kai ya raɗa min cewa ai ba matsala ba ce, sabon abu na gano: akwai wani ƙarfin haske da in an kai shi, ilektron ke birkicewa gaba ɗaya har lissafi ya gagara. Na zauna na rubuta wa malamina shafi huɗu. Har suna na fara tunanin raɗa wa abin.

Malamina ya amsa da layi ɗaya: “In gaskiya ne abu ne babba, tabbatar min.” Na kwashe makonni uku ina neman hujjar abin, na bar ainihin aikin yana jirana.

Wata Talata ɗalibai suka tafi yajin karatu, na dawo gida da wuri. Falo cike da matan unguwa, ana kitso ana hira. A kan tebur kuwa, inda kwamfutata take, wani tulin bargo ne, mai kaurin nan da Inna ta zo da shi daga Makka. A tsakiyar bazarar Damagaram! Na ɗaga, zafi ya buge ni a fuska, kwamfutar na huci kamar tukunyar da aka manta a murhu.

Na daure har matan suka watse.

“Inna, wa ke rufe ordinater ɗin nan?”

“Ni mana. Da azahar in baƙi sun fara shigowa. Kafin ka dawo in ɗauke, tunda ka ce kar a taɓa.”

“To ai kin taɓa!”

“Ban taɓa ba, rufewa na yi. Kai ba ka san bakin mutane ba. Wannan ta ce kai, injin dokta ne, waccan ta ce shi ke masa tunani. Ko ma sha Allah babu mai cewa. In bar shi a buɗe su cinye maka sutunans, jarabawar kare aikin nan naka?”

Ashe babban abin da na gano shi ne lokacin da maƙwabtanmu ke zuwa kitso. Ina kunnawa a sa'a ɗaya, tana rufewa a sa'a ɗaya, zafi ya kashe lissafin a mataki ɗaya. Shekara biyar ina karatun zafi da lantarki, bai taɓa zuwa min in sa hannu in ji jikin na'urar ba.

Na mayar da kwamfutar ɗakina, na jawo wayar wuta daga falo. A yini ɗaya lissafin ya wuce matakin nan lafiya lau. Amma lokaci ya riga ya ƙure. Wasiƙar da na rubuta wa malamina ta biyu ita ce mafi ɗaci a rayuwata. Ban ambaci bargo ba, na ce “matsalar na'ura”. Shekara guda cur na ƙara kafin na kare aikin.

Yanzu in ɗalibina ya zo yana rawar jiki wai ya gano sabon abu, nakan fara tambayarsa ina ya ajiye kwamfutar, wa kuma ke shiga ɗakin. Haushin bai gama sakina ba har yau, kuma rabinsa na kaina ne. Inna kam ban taɓa gaya mata abin da ya ci min shekarar ba. Ranar walimar digirin ta kama hannuna a gaban mata ta ce, “Kun ga, da ban tsare masa injin nan ba, da ba mu ga yau ba.” Na buɗe baki, na ga hawaye a idonta, na ce, “Haka ne, Inna.”