Gonar Gwaggo da Ɗorawar Tsoho

Saura kaɗan in raba gwaggona da gonarta, kuma da kyakkyawar niyya na yi.

Lokacin ina gyaran waya a bakin kasuwar Sokode, ina jin kaina wayayye. Sai na ji masu raba takin zamani sun daina aiki da takarda: manomi zai zagaya gonarsa riƙe da waya, taswira ta fito, a sa sunansa. Na hau mota zuwa Dapaong, inda Gwaggo take, ina ɗokin in sa sunanta.

Gonar tana kan hanyar Korbongu. Wani tsoho ɗan ƙabilar Moba ne ya ara wa mijinta marigayi, da baki kawai. Duk kaka Gwaggo kan kai masa kwandon dawa da zabuwa. Ɗorawar da ke kusurwa tasa ce, ko kalwa ɗaya ba ta taɓa tsinka ba. Ni ban tambayi kowa ba. Na ɗaga waya na bi iyaka, har ɗorawar na haɗa.

Kafin la'asar saƙo ya iso daga tsohon: tunda baƙi sun fara auna ƙasa, bana Gwaggo kada ta yi shuka.

Ba ta zage ni ba, kuma da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna tana kallon buhun irinta. Da gonar nan take ciyar da gida. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

Da safe ta ɗauki goro ta tasa ni gaba zuwa gidan tsohon. Ta durƙusa ta ce da Hausarmu ta zango, "Baba, yaron Sokode ne, portabul, wayar nan tasa, ya cika masa kai. Ba papiye muke nema ba, ba takardar fili ba, taki ne."

Tsohon ya daɗe yana dubana. "Abin nan, tafiyar kowa yake rubutawa?"

Na ce eh, Baba.

"To goge taka."

Ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da jiki kamar kwanon miya mai zafi, ya je gonar ya bi iyaka yana dogara sanda. Da ya zo ɗorawa sai ya lanƙwasa, ya bar ta a waje. Taswira ta fito da giɓi a gefe, aka sa sunan Gwaggo a matsayin mai noma. Taki ya zo a kan kari.

Bara tsohon ya rasu. 'Ya'yansa suka dawo daga birni suna cewa ba su san da wani aro ba. Gwaggo ta ce in buɗe waya. Babbansu ya bi layin da yatsa har ya kai giɓin, ya tsaya.

Can ya ce, "Babu mai kewaye bishiyar nan haka sai shi. Inna, ki yi shukarki."