Rumfar Matar Ciyaman

Don ni Alhaji ya tsaya wa rumfar nan, ko don ƙuri'a? Har ya koma ga Mahaliccinsa ban samu amsa ba. Jikata ce ke rubutawa, ni ban yi boko ba. Na ce ta karanta muku, ku da kuke taya ni girki yanzu. In kun ga hawaye ku ƙyale ni, ba sa sallama in za su zo.

Lebura ne a kamfanin fata na Challawa lokacin da na aure shi, ni kuma na kafa rumfar shinkafa da wake a bakin ƙofa. Da tukunyar nan ya yi karatu har ya zama lauya, ya buɗe ofis a Bompai yana tsaya wa ma'aikatan da aka kora ba bisa ƙa'ida ba. Daga nan siyasa ta ja shi, aka zaɓe shi shugaban jam'iyyarsu na jiha.

Ranar da ba ta fita a raina ita ce Talatar da sakataren jam'iyya ya zo da wasu dattawa, shadda na ƙyalli, daidai an busa jiniyar hutu. Kun san ƙa'idarmu: ma'aikaci in ya makara ƙofa a rufe take, an yanke masa kuɗin yini. Saboda haka mai takalmin roba ake fara zuba wa, ko wa ya zo. Na ce su jira. Suka tsaya suna toshe hanci don warin jima.

Da layi ya ragu, sakatare ya ce 'yan adawa na yi musu dariya a rediyo, wai matar ciyaman na sayar da garau-garau. A rufe rumfa, za a buɗe mini shagon atamfa a cikin gari, kuma sun aika a kira Alhaji ya tabbatar. Ni kuwa ban taɓa ganin ya musa wa dattawan nan ba.

Daga kotu ya zo, da baƙar kwat ɗinsa. Ya saurare su tsaf. Sai ya cire kwat ya rataya a ƙusa, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna gaban baho ya fara wanke kwanuka.

"Ranku ya daɗe," in ji shi, "ba na karɓar ƙarar wadda ta ciyar da ni."

Malam Sule, ɗan Jigawa da suka yi leburanci tare, ya miƙo kwanonsa.

"Ciyaman, wannan bai fita ba. Sake."

Ya kuwa sake. Rumfa ta ɗauki dariya. Sakatare ya zauna ya ci, har da neman ƙarin yaji. Ba a ƙara tayar da maganar ba.

Da muka koma gida na tambaye shi ko don ni ya yi ko don ƙuri'a, ya ce shi lauya ne, tambaya yake yi, ba ya amsawa.

Abin da na koya, a sana'ar nan babba shi ne wanda jiniya ke jira. Kuma ma'aikaci ba ya manta wanda ya wanke masa kwano. Ranar jana'izarsa da takalman roba ma'aikata suka cika layinmu.

A asibiti, dab da rasuwarsa, na sake tambayarsa, ina kuka. Ya yi murmushi, ya dubi hasken taga.

"Hajiya, wa kika bar wa tukunya? Tashi ki je, an kusa busa jiniya."