Manaja da Teburin Aro

Faɗanmu na farko da Manaja a kan bahon wankina ne. Na fito da safe na tarar ya tura shi bayan ƙofa, ya naɗe igiyar shanyata, ya jingina da bango ɗaya tilo mai fenti a gidan hayarmu, ya ɗaga waya sama yana washe baki.

"Kai ɗan nan, me bahona ya yi maka?"

"Yi haƙuri, Iya. Fitowa yake a hoto."

"In talauci ne ba ka so a hoton, ai kai za ka matsa, ba baho ba."

Shi ba manajan kowa ba ne, matan gida ne suka laƙaba masa. Shekara tara ya yi yana tsaron sito a kamfanin katifa, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Rana ɗaya kamfani ya rufe, ya dawo ɗaki ya zauna, ga mata, ga 'ya'ya mata biyu. Ya yi yawo da takardu har takalminsa ya buɗe baki.

Sai abokinsa mai shagon buga takardu ya hure masa kunne. Wai yanzu masu ɗaukar aiki ba takarda suke fara dubawa ba, shafin mutum suke leƙawa a waya, kuma ba sa ɗaukar mai kama da yunwa.

Daga ranar, kullum zai goge rigarsa fara, ya tafi shagon nan, ya jira sai ba mutane, ya zauna a teburin abokin gaban kwamfuta. A ɗauke shi hoto riƙe da biro, ya ɗora a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: aiki ya yi yawa, amma mun gode Allah. Mutane su yi ta sa albarka, su ce a tuna da su. Shi kuwa ya tako da ƙafa ya dawo gida, ya tarar tukunya a kife. Wata takwas ana haka. Matarsa ta sayar da fanka, ta sayar da keken ɗinkinta, babbar 'yar ta daina zuwa makaranta. Ƙanin matar ma ya aiko a samo masa aiki a ofishin yaya.

Ran nan ya haɗu da Dogo, direban tsohon kamfaninsu, cikin sabuwar rigar aiki. Ashe ogansu na da ya buɗe nasa sito, ya nemo tsofaffin yaransa shida. Manaja bai ko shiga gida ba, ya nufi can da gudu.

Ogan ya tarbe shi da fara'a a tsakanin katifu, warin sabon soso ko'ina.

"A'a, manyan ƙasa! Wallahi kai na fara tunawa. Na duba shafinka, na gan ka a ofis, ga kwamfuta. Na ce ina ni ina raba ka da wannan, in mayar da kai ƙura?"

"Ranka ya daɗe, teburin aro ne."

Ogan ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya kalli takalmin, sai dariyar ta tsaya. Ya waiwaya ya dubi wani mutum da ke tsaye da makullan sito a ƙugu.

"Shekaranjiya na ba shi. Shi ya rubuta a shafinsa ƙarara cewa yana neman aiki. Me ya hana ka?"

Manaja ya ja takalminsa ya fita.

Bayan sati biyu suka ɗaure kaya. Matar da yara za su gidan iyayenta, shi zai raɓa a ɗakin wansa. Ya zo yi mini sallama, ya durƙusa, farar rigar ta yi masa yawa. Ya ce ya rasa abin da zai rubuta yanzu, wa zai yarda da shi?

Na jawo bahon na dire a gabansa.

"Zanen aro ba ya rufe katara, kai naka har fuska ya rufe, mai nemanka ya wuce ka. Tashi ka tsaya nan. A ɗauke ka da baho, da igiya, da takalmin. Ka rubuta musu yunwa kake ji."