Na raba maganina biyu da Isuhu

Salamu alaikum. Wata takwas ban ce komai nan ba. Masu tambaya ko na mutu, ina nan, amma na ga abu.

Na dawo gida Buza daga bakin daga ba ko ƙwarzane. Sai dai barci ya ƙi, abinci ya ƙi, ƙarar moto ma sai in ji zufa ta karyo mini.

Wata safiya ɗiyata Hadiza, mai shekara huɗu, ta yar da kwano bayana. Ban san sa'ad da na fizge ta na danne ta ƙasa ba, ina ihu kowa ya kwanta. Har leɓenta ya fashe.

Daga ranar, in na shigo gida sai ta ɓoye bayan uwarta. Wallahi wannan ya fi mini komai ciwo.

Matata ta ja ni lopital Madawa. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka ɗibi jini, ba a ga komai ba. Likita ya zaunar da ni ya ce, "Kaporal, wannan rauni ne, jini ne kawai ba ya yi." Ya rubuta ordonas: ƙwaya ɗaya kowace safiya, kar in tsallake, in dawo bayan wata.

Ga inda na yi wauta. Isuhu, abokina ɗan Tamaske da muka yi daga tare, shi ma haka yake fama, amma kunya ta hana shi zuwa. Can ruwa ma raba shi muke, sai na raba maganin biyu na ba shi rabi.

Cikin kwana sha biyar maganin ya ƙare. Jiri, rawar jiki, fushi ba dalili. Matata ta kai Hadiza gidan iyayenta, kuma ban ga laifinta ba.

Da na koma na gaya wa likita, ya dube ni ya ce, "Wannan ba goro ba ne. Je ka zo mini da shi."

Na ɗauko Isuhu bisa moto yana zagina har Madawa. Yanzu kowa da nasa maganin, kowa da ranarsa ta ganin likita.

Ban warke sarai ba. Amma na gode Allah, na gode wa matata da likitan nan.

Ƴan'uwana sojoji, ku je lopital. Kar ku yanke magani da kanku, kar ku raba shi da kowa.

Hadiza ta dawo. Jiya ta tsaya bakin ƙofa da kwano a hannu, ta ce, "Baba, zan aje kwano, kar ka ji tsoro."

Ta aje shi a hankali, sannan ta zo ta zauna kusa da ni.