Feshin da Na Yi a Abhur

Jiya a wurin aikina na ji wani yana buga famfon feshi, fas, fas, fas, sai na tsinci kaina a tsaye da takarda a hannu, na manta inda zan kai ta. Wannan ƙarar ta babana ce.

A unguwar Karantina aka haife ni, can ƙasar Larabawa, amma abincinmu daga unguwar Abhur ta bakin teku yake fitowa. Babana ke kula da lambun wani gida a can, lemuna da wardi, kuma mai gidan shi ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa kan takardun zama. Idan zai yi feshin ƙwari yana da ƙa'idarsa. Da sassafe yake haɗa maganin, da ruwan da ya kwana a inuwa. Kafin magani ya shiga sai ya ɗiga cokali guda na khal, ruwan tsamin nan na girki. Abin da ya haɗa kuma ba ya kai hantsi a cikin tanki.

"Moyar garin nan da kanwa a jikinta," in ji shi, moya kuwa ruwa ke nan. "Kanwa da zafi su ke cinye magani. Ɗan tsami ke riƙe shi."

Ni kuwa shekarata goma sha huɗu, na fara karanta kimiyya, kaina ya kumbura. Mutumin da bai iya karanta rubutun jikin kwalba ba, shi zai gaya mini? Na taɓa ce wa abokaina, a gabansa, wai babana salak yake haɗa wa ƙwari. Suka bushe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, kuma tasa ce ta fi ƙona ni a yau.

Wata shekara, lokacin da gumi ke tsiyaya ko kana zaune, ƙwari suka sauka kan lemunan. Mai gidan ya yi tafiya, babana kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya kira ni.

"Yalla, ya waladi, maza ɗana, ka san yadda nake yi. Kar ka manta khal."

Ban manta ba, ƙi na yi. Na isa da azahar, na tari ruwa daga tankin saman bene, ruwan da zai dafa shayi. Na haɗa maganin, na jingine famfon a rana, na tafi bakin teku wanka. Da na dawo gajiya ta kama ni, na ce gobe ma rana ce. Washegari da la'asar na fesa abin da ya riga ya koma ruwa kawai.

Mako biyu ganyen lemunan ya nannaɗe ya yi baƙi. Ina tsaye a bayan babana lokacin da mai gidan yake faɗa. Babana ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, hannu ya tsufa." Mai gidan ya ce halas, aikinsa ya ƙare. Ni kuwa na bar laifin a kansa.

Da ƙyar aka samo masa wani kafilin, a ɗakunan ajiya na Khumra. Mutumin da ya saba da almakashin wardi ya koma dakon buhu har bayansa ya ranƙwafa. Ni kuma na ci gaba da makaranta, inda wata rana malami ya rubuta mana maganar babana a allo: magani a cikin ruwa mai kanwa ruɓewa yake, zafi na ƙara masa sauri, tsami na rage masa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kullum ina cewa zan gaya masa, har ya rasu. Bayan arba'in na gaya wa mahaifiyata, ina kuka kamar yaro. Ko mamaki ba ta yi ba.

"Ai ya sani tun ranar," ta ce. "Cewa ya yi shi ya gama yin suna, kai kuwa yanzu za ka fara."

Yau an rushe Karantina, fili ce, ko ƙofar da zan tsaya in yi sallama babu. Ni ke koya wa ma'aikata haɗa magani, suna ce mini ustaz, ina amsawa da kunya. Duk buhun da ya hau bayan babana ni na ɗora masa, kuma bai taɓa bari na ji nauyinsa ba.