Kibiyar Saje Nijar Take Duba

Waɗanda suka hallara ranar da aka zo jan katanga a gidanmu su ne mai unguwa, da liman, da magini riƙe da igiyarsa, da 'ya'yana maza biyu: babban da ya zo daga Kano da tabarau, da ƙaramin mai sayar da awaki a kasuwar Daura. Sai wani tsohon soja, abokin marigayi, wanda ba wanda ya gayyace shi. Sai ni a bakin ƙofar ɗakina, kwana uku da fita takaba.

Maigidana ya yi yaƙin basasa, duk unguwa Saje ake ce masa. Abokin nan nasa shi ya buɗe taro, wai Saje shi kaɗai ya taɓa korar runduna a bakin kogi. Shekara hamsin muna tare da Saje, ko kaza sai ya aika wa maƙwabci ya yanka. Aikinsa a yaƙi zane ne: gada, hanya, inda za a kafa tanti. Da ya dawo ya ci gaba da zana gidajen mutane a ofishin ayyuka. Harsashi bai taɓa shi ba, doron da ya kwanta dama da shi ma na teburin zane ne.

A gida bai bar mu mun huta ba. Akurki sai da aka zana shi a takarda kafin a gina, kajin suka ƙi shiga. Ni ce mai riƙe masa bakin tef ɗin awo, tuwo na kan wuta, yana cewa, "Ja dai, kada ki bari ya yi ciki."

Kafin ya rasu ya zana yadda za a raba tsakar gida tsakanin yaran nan biyu, kowa ya yarda. Babban ya shimfiɗa takardar a tabarma, ya ga kibiya a samanta, ya juya ta gabas. Ai duk abu mai daraja gabas yake duba, daga salla har ragon layya. Liman ya gyaɗa kai. Magini ya ja igiya yana kafa turaku, na huɗu ya faɗa tsakiyar ɗakina, daidai ƙafar gado.

"Inna, sai haƙuri," in ji ƙaramin. "Rabin ɗakin zai tafi."

Ɗan fari ba a yi masa magana kai tsaye, sai na ce, "Gaya wa yayanka takardarsa a karkace take."

Babban ya gyara tabarau. "Inna, wannan fa aikin boko ne."

"Saje ba ya kuskure!" in ji tsohon sojan. "Da irin wannan takarda muka ci yaƙi!"

Na ce, "Da a haka kuka riƙe ta, da har yau kuna can kuna neman hanyar gida."

Na matsa kusa da liman na ɗora yatsa. "Allah gafarta Malam, wannan ɗan zoben rijiyarmu ce. A bi takardar a ɗebo maka ruwan alwala."

Magini ya duba, ya ƙirga taku, ya tafi, ya tafi, ya tsaya cak a bakin masai. Liman ya yi salati.

Na ce, "Kibiyar Saje arewa take duba, wajen Nijar. Ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na ga ya shimfiɗa takarda ya fi sau dubu."

Magini ya juya ta. Rijiya ta hau kan rijiya, layin katanga ya bi ta gindin darbejiya, ya bar mini ɗakina.

Kada ka yi tsammanin wani ya ce na yi gaskiya. Mai unguwa ya yi gyaran murya, ya ce la'asar ta yi, kuma maganar ilimi ce, a bar turaku yadda suke sai an samo injiniya daga Katsina. Suka kakkaɓe riguna suka fita, aka bar ni da turke a ɗaki ina tsallake shi.

Washegari bayan na yi salla na bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya na tumɓuke. Busassu ne, sun ci wuta da kyau. Na dama koko da su, na aika wa mai unguwa nasa a kwanon sha.